Tsuntsayen Yankari ma abin kallo ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan gandun dajin Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. Da ranin da ya wuce na raka ɗalibaina can, kuma tun daga ƙofar Mainamaji tambayarsu guda ce: "Malam, za mu ga giwa?" Allah bai nufa ba. Sawunta da kashinta kawai muka tarar a kan hanya, yara suka ɓata rai.

Abin da ya sauya musu tafiyar shi ne wani dattijo cikin masu yi mana jagora. Da muka gangara bakin kogin Gaji, inda namun daji ke taruwa idan ruwa ya ƙafe a sauran daji, sai ya sa direba ya kashe mota, ya ce kowa ya yi shiru. Can ga ɓauna a fadama, carki na bin bayanta yana cire mata kaska. Ga zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi. Sai ga burtu guda uku suna takawa a hankali cikin ciyawa, baƙaƙe wuluk, suna tsintar ƙwari da ƙadangaru. Dattijon ya ba su labarin yadda maharban zamanin da suke ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe har su kusanci gwanki bai ankara ba. Wallahi a cikin yara talatin babu wanda ya taɓa ganin tsuntsun, ko da yake duk sun san kalmar.

Wannan shi ne ya dame ni. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma an lissafa tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa. Wasunsu baƙi ne da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Masu zuwa daga ƙasashen waje har da madubin hangen nesa suke tafe domin su. Mu kuwa sai mu yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, mu ɗauki hoton gwaggon biri, mu juya gida.

Sunayen kansu suna neman ɓace mana. Iyayenmu da sun ga shamuwa ta sauka sun san damina ta ƙarato, sai a hau gyaran gona. Yau yaro nawa ne zai bambanta borin tunke da gauraka, ko fakara da zabon daji? Ungulu da ake cewa ba ta jewar banza, ta daina jewa a mahautar garuruwanmu da yawa, saboda guba da kuma masu kama ta suna sayarwa don haɗa magani. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Don Allah, Malam Edita, ku ware mana ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata: hoton tsuntsu guda, sunansa na Hausa, lokacin zuwansa, da abin da tsofaffin maharba da makiyaya suka sani a kansa tun suna raye. Ni dai na yi alkawarin zan riƙa yankewa ina liƙa wa yara a bangon aji.

Naka,
Wani malamin makaranta, Bauchi