Nisan gari da gari: ta sama ne ko ta hanya?

Assalamu alaikum Edita. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana damuna.

Sau da yawa ina karanta labari a ce "tazarar kilomita kaza ce tsakanin gari kaza da gari kaza", amma ba a faɗa ko nisan ta sama ake nufi ko na hanyar mota. Na shekara da shekaru ina koyar da labarin ƙasa, kuma darasin farko da nake yi wa ɗalibaina kan wannan ke nan. Nakan shimfiɗa taswira a kan tebur, in ba yaro ɗaya rula, in ba ɗaya zare. Mai rula ya ja layi miƙe daga Landan zuwa Paris, ya samu kusan kilomita 344. Mai zare kuwa sai ya bi titi lanƙwasa bayan lanƙwasa, yana danna zaren da farce, har ya kai gaɓar teku ya tsaya yana kallona. A nan nake gaya musu cewa mota ba ta tsallake ruwan da kanta. Jirgin ƙasa ake ɗora ta, ya bi da ita ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku, mai tsawon kilomita 50, wanda aka buɗe a 1994. Idan aka ƙarasa har Paris aka miƙar da zaren, sai a ga ya kai wajen kilomita 460. Ka ga an samu ƙarin fiye da kilomita ɗari, kuma garuruwan ba su motsa ba.

Wanda zai sayi mai ya kama hanya, lissafin zare ne ya shafe shi. Idan aka ba shi na rula, mansa zai ƙare ya tsaya a daji.

Akwai ma inda rula ke yaudara ƙwarai. Kinshasa da Brazzaville, manyan biranen ƙasashen Kwango biyu, suna kallon juna, kogin Kwango ne kawai ya raba su, amma babu gada. Mutum na hangen ɗaya garin da idonsa, sai dai ya jira jirgin ruwa.

Nisan ta saman ma ba koyaushe jirgi ke bin sa daidai ba. Tun 2022, jiragen Turai da yawa da ke zuwa Tokyo suna kauce wa sararin samaniyar Rasha, abin da ya ƙara musu sa'o'i. Sannan filin jirgi ba a tsakiyar gari yake ba. Heathrow na da nisan fiye da kilomita 20 daga tsakiyar Landan, ga jiran bincike kafin a tashi.

Roƙona ga ma'aikatanka shi ne su riƙa ƙara kalma biyu kawai, "ta sama" ko "ta hanya". Su kuma lura da awon da suka ɗauko, domin mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, mil ɗin da matuƙan jirgi ke amfani da shi kuma mita 1,852 ne. Na sha ganin an kwafo adadi a mil an rubuta masa kilomita.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa