Koke zuwa ga Mai Martaba Lamidon Garwa kan gwajin ciwon suga

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka ne mazauna unguwar Yelwa a Garwa ta ƙasar Kamaru, mun kawo kukanmu gabanka.

A bazarar da ta wuce mun yi rashin wani dattijo mai sayar da goro. Zazzaɓi ya kayar da shi, aka kai shi wani asibiti a sume, aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Sai a kwana na uku aka auna jininsa, aka tarar suga ya hau sosai, ƙoda kuma ta riga ta taɓu. A zaman makoki ne iyalinsa suka tuna ya yi watanni yana yawan fitsarin dare, ƙishirwa ba ta sakinsa, ga rama. Kowa ya ɗauka zafin Garwa ne, har da mu maƙwabtansa.

Ajali na Allah ne, ranka ya daɗe, amma neman magani umarni ne. Jinin da suga ya yi wa yawa ba ya iya yaƙar ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, miki ba ya warkewa da wuri, jiki kuma yana zubar da ruwa ta fitsari har mutum ya suma. Ciwo mai tsanani shi kansa yana ƙara tayar da suga, balle a haɗa da ƙarin ruwa mai sukari a ciki. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ce a 2021 fiye da rabin masu wannan ciwo a Afirka ba su san suna da shi ba. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti ɗaya an ga sakamako.

Muna roƙon ka sa baki wurin wakilin ma'aikatar lafiya na yankin Arewa, duk wanda aka kawo asibiti rai a hannun Allah a auna masa suga tun daga ƙofa, kafin a ɗaura ruwa, ko da danginsa ba su gama haɗa kuɗi ba. Muna kuma roƙon a buɗe ƙofar fada ranar 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya, a yi gwaji kyauta, limamai su sanar a huɗubar Juma'ar da ta gabace ta. In kira ya fito daga fada, har dattijan da ke gudun asibiti za su zo.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka,
mazauna unguwar Yelwa, Garwa