Surukata ta yi wa ɗana ɗura, maigida ya ƙwace min waya

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana.

Daga Agege nake rubuto miki, da wayar maƙwabciyata, tawa tana hannun maigida. Ɗana na fari ne, watansa 4. Tun ina da ciki, nas ɗin asibitin da nake awo take turo mana saƙon murya ta WhatsApp. A nan na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, zuma kuwa sai yaro ya shekara. In ya kau da kai ya rufe baki, ya ƙoshi ke nan, kada a matsa masa, don ƙibar da aka ɗora wa yaro yana ƙarami tana iya binsa har girma.

To Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo daga Katsina tun suna, wai wankan jego. An yi arba'in tuni, ko zancen tafiya ba ta yi. Ciki da falo ne fa Anti, kin san hayar Legas. Kullum sai ta ɗaga yaron ta ce ba nauyi, nonona ruwa ne, in dubi ɗan mai shagon layinmu da wuyansa ya yi ninki-ninki. Alhali an ɗora shi a sikeli, an ce yana kan layinsa a kati.

Shekaranjiya na fito wanka na tarar ta kwantar da shi a cinya, ta toshe masa hanci tana ɗura masa koko da sukari, yana shaƙewa, kokon na gangarowa ta gefen bakinsa. Na fizge shi. Wallahi ban zage ta ba, cewa kawai na yi an hana. Ta ce ta raini takwas ba da waya ba. Ban ma ce mata babban nata yana fama da ciwon suga ba, na haɗiye.

Da maigida ya dawo daga kasuwar Mile 12, nata kawai ya saurara. Wai waya ce ke zuga ni, shi da yake saya min data da hannunsa. Yaron kuma tun daren yake ɗan tari.

Yayata da ke Idi-Araba ta ce in tattaro in zo wurinta, amma za a ce na yi yaji a kan koko. Anti, yaya zan yi Hajiya ta koma gida ba tare da an ce ni na kore ta ba?

Taki,
Maman yaro, Agege