Wasiƙar Godiya ga Masu Shagon Gyaran Kwamfuta na Titin Beirut

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Malam Injiniya mai shago, da samari biyu da ke koyon aiki a hannunsa.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in rubuta wannan wasiƙa a inda jama'a za su karanta, domin godiyar da na yi muku da baki ranar da na karɓi kayana ba ta ishe ni ba, kuma na tabbata akwai gidaje da yawa a birnin nan da ke riƙe da irin abin da na kawo muku, wato tsofaffin fayilolin shafukan intanet da sunansu ya ƙare da .mht, suna zaton ya lalace alhali yana nan kalau. Ban ambaci sunayenku ba saboda kun nuna ba ku so, amma maƙwabtanku na titin Beirut za su gane da wa nake.

Yayana, Allah ya jiƙansa da rahama, malamin tarihi ne a makarantar sakandare, kuma tun zamanin da ake biyan kuɗin awa a kafe kafin a shiga intanet yake da al'adar adana duk shafin da ya karanta ya ga amfaninsa. Abin da ya fi tarawa shi ne rubuce-rubuce a kan Kano: ganuwa da ƙofofinta, marinar Ƙofar Mata, Kasuwar Kurmi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, bikin cikar Sarki Ado Bayero shekara 50 a kan gadon sarauta a 2013, da ta'aziyyar da aka yi ta rubutawa bayan rasuwarsa ranar 6 ga Yuni, 2014. Da aka gama zaman makokin Yaya, mai ɗakinsa ta miƙo mini filashi biyu a cikin ambulan, ta ce ya sha faɗa mata cewa ni zan san abin yi da su. Na tarar da fayiloli fiye da ɗari uku, kusan dukansu sunansu ya ƙare da .mht.

Wata biyu muna fama da su a gida. A kwamfutar ɗana, wadda Firefox ce burauzar da ke kanta, shafin bai fito ba. Da ya buɗe ɗaya da Notepad, sai ga dubban layukan haruffa da lambobi a cakuɗe, babu kai babu gindi. Na sa aka turo mini guda biyar ta WhatsApp, wayata ta ce ba ta da manhajar buɗe su. Babbar 'yar marigayin, da ke aure a Kaduna, ta gwada a iPhone ɗinta, ita ma haka. Har wani mai son taimako ya ce bairos ne ya cinye su, gara a goge filashin a huta. Allah ne ya tsare ban bi shawararsa ba.

Abu na farko da ya kwantar mini da hankali a shagonku, Malam Injiniya, shi ne kafin ka buɗe ko da fayil ɗaya sai da ka sa aka kwafe filashin biyu gaba ɗaya, ka mayar da su cikin ambulan ka ba ni, ka ce duk gwajin da za a yi a kan kwafi za a yi shi. Sannan ka jawo mini kujera kusa da kai, ka buɗe fayil na farko da Chrome, sai ga shafin Gidan Makama ya bayyana da hotunansa kamar yadda Yaya ya gan shi shekaru da dama da suka wuce. Ban iya magana ba na ɗan lokaci, kuma na lura kun yi mini uzuri.

Da ka tsaya a nan ma da na gode. Amma ka ɗauki lokaci ka fahimtar da ni abin da ke hannuna, ga kuma abin da na riƙe, domin masu karatu su amfana. Shafin intanet a asalinsa tarkace ne: rubutu daban, kowane hoto daban, tsarin ado daban. Wannan nau'in fayil, da ake kira MHT ko MHTML, yana ɗaure su duka a ƙunshi ɗaya, da irin dabarar da saƙon imel ke ɗaukar hoto a cikinsa. An fitar da ƙa'idarsa da ake bi a 1999, a shekarar da Internet Explorer 5 ta fito da damar adana shafi ta wannan hanya, shi ya sa kafe-kafen wancan zamani suka cika mana filashi da shi. Tarin haruffan da suka tsorata ɗana kuwa hotuna ne aka mayar rubutu domin su zauna cikin ƙunshin, abin da ke ƙara musu nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Microsoft ta yi wa Internet Explorer ritaya ranar 15 ga Yuni, 2022, amma Edge da Chrome suna buɗe fayil ɗin har yanzu, Word ma tana buɗewa ko da yake tana hargitsa jerin shafin. Firefox ba ta karanta shi da kanta, kuma ƙananan manhajojin da ake ɗora mata domin hakan sun daina aiki tun fitowar Firefox 57 a ƙarshen 2017. Safari ta na'urorin Apple tana da nata ƙunshin daban, mai wutsiyar .webarchive. Ashe fayilolin lafiyarsu ƙalau, ƙofar da muke ƙwanƙwasawa ce ba tasu ba.

Kan wayata ta Android, ƙaramin yaronka ne ya karɓa da ladabi ya ce, “Baba, kawo in nuna maka, kai za ka yi da hannunka.” Ya sa na ajiye fayil ɗin a cikin wayar, muka nemo shi ta manhajar duba fayiloli, muka sauya wutsiyarsa daga .mht zuwa .mhtml, na zaɓi Chrome, ya buɗe. Sau uku ya sa na maimaita har ya gamsu cewa zan iya ni kaɗai a gida. Ya kuma nuna mini cewa in aka mayar da wutsiyar .eml, manhajar imel ta kwamfuta tana karanta shi kamar wasiƙa, tunda ginin nasu iri ɗaya ne. Saboda 'yar marigayin kuwa, ka ce kada a wahalar da ita da neman wata manhaja, sai kuka mayar da shafukan PDF ɗaya bayan ɗaya, wanda kowace waya ke buɗewa. Wasu fayiloli shida masu wutsiyar .webarchive, waɗanda daga baya muka gane a kwamfutar wani abokinsa mai Mac Yaya ya adana su, sai da ka aika aka aro na'urar Apple daga maƙwabcinka kafin a fitar da su.

Inda na fi jinjina muku shi ne maganar haruffanmu masu ƙugiya. A wasu shafukan Hausa, duk inda ƙaramin ƙ ya kamata ya fito sai a ga Æ™, inda ɗ yake sai a ga É da dogon layi yana biye da shi, har karatun ya gagara. Ni malamin Hausa ne, shekara talatin ina gyara wa ɗalibai waɗannan haruffa a allo, don haka ganinsu a wannan hali ya sosa mini rai ƙwarai. Ka bayyana mini cewa kwamfuta tana ajiye kowane ɗayansu da lambobi biyu a tsarin da ake kira UTF-8, to idan kan fayil ɗin ya ambaci wani tsohon tsarin haruffan Turai, sai burauza ta karanta kowace lamba a matsayin harafi mai zaman kansa. Ka buɗe kwafin, ka gyara layin da ke faɗin tsarin, haruffan suka dawo daidai. Mutane da yawa za su ce ai ana gane ma'ana ko da babu ƙugiya, amma wanda ya san bambancin kafa da ƙafa ba zai yarda da wannan ba, kuma na ji daɗi da na ga kai ma ba ka yarda ba.

Haka nan ba ku ɓoye mini abin da ba zai samu ba. Wasu shafukan sun buɗe da ramuka a gurbin hotuna, ka duba cikinsu ka nuna mini cewa hotunan ba su taɓa shiga ƙunshin ba tun ranar da aka adana shi, wataƙila saboda jinkirin intanet na lokacin. Bidiyo ma ba ya shiga, maɓallan da ke cikin shafin kuma ba sa motsi, domin Chrome tana kashe umarnin da ke motsa su a irin wannan fayil saboda tsaro. Ka ce ba za ka karɓi kuɗina a kan alkawarin dawo da abin da babu shi ba. Duk da haka, tunda kowane fayil yana riƙe da adireshin shafin da aka ɗauko shi, babban yaronka ya bi adireshin zuwa rumbun Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke tara tsofaffin shafuka tun 1996, ya samo mana hotuna goma sha ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓata. Bai saka wannan a lissafi ba, kuma da na matsa sai ka ce sadaka ce ga mamaci.

Shawarar da ka sallame ni da ita na fara aiki da ita. Duk shafin da zan adana yanzu, sai na ja shi har ƙasa hotunansa sun gama fitowa, sannan in ajiye shi kashi biyu, ƙunshin da kuma PDF, a wurare biyu daban. Na kuma daina buɗe irin wannan fayil idan wanda ban sani ba ne ya turo shi.

Akwai abin da ban faɗa muku ba a shago. Ka nuna mini cewa a saman kowane fayil akwai ranar da aka adana shi da sa'ar, to da na koma gida na jera su bisa kwanan wata, sai na ga rayuwar Yaya a jere: watannin da yake shirya darasi, azumin da ya yi shiru, da shafi na ƙarshe da ya adana mako uku kafin ya kwanta ciwon ajali, a kan gyaran ganuwa. Mai ɗakinsa ta ce in isar muku da gaisuwa da addu'a, 'yarsa kuma ta karanta wa 'ya'yanta shafin Kasuwar Kurmi daga wayarta.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya jiƙan magabatanku, ya sa yaran nan biyu su gaji halinka tare da iliminka. Akwai sauran faifan sidi huɗu da aka gano a akwatin littattafansa, in Allah ya yarda zan kawo su ranar Asabar bayan azahar.

Wassalam.

Naku,
Malamin Hausa mai ritaya, ƙanen marigayin,
Gwammaja, Kano.