Wasiƙa kan tsagar da ta ƙi bin hanya

Assalamu alaikum Injiniya,

Ina fatan kana lafiya, da sanyin can da kake ta kuka da shi kamar wani ne ya tura ka. Wata biyu shiru, sai ga hoton fayafayan dutse da jan layi ba ko gaisuwa. Ka ce tsagar dutsen da kake kwaikwaya a kwamfuta ta ƙi bin hanya ɗaya. To, na duba, kuma na ga inda gizo ke saƙar.

Tsagarka tana sauya hanya duk lokacin da ka sauya raga, wato ƙananan ƙwayoyin da kwamfuta ke yanka dutsen zuwa gare su don lissafi, saboda ka ɗauki tsayin l kamar lambar da ake zaɓa da ka, alhali a phase-field, dabarar da ke nuna tsaga a matsayin zirin lalacewa, l ne ke tsara faɗin zirin. A tsarin AT2, ɗaya daga cikin nau'o'in phase-field, l yana ɗaure da ƙarfin dutsen: l = 27·E·Gc ÷ (256·σt²), inda E ne taurin dutsen, Gc makamashin da buɗe tsaga ke ci, σt kuma ƙarfin jure ja. Ɗauki giranit irin na Mpape ta Abuja, ka ce E 60 GPa, KIc, wato juriyar dutsen ga buɗewar tsaga, wajen 1.5 MPa√m, ƙarfin ja 10 MPa. Gc, wato KIc² ÷ E, zai fito kusan 37 J/m², l kuma kusan milimita 2.4. Ƙwayar raga a hanyar da tsagar za ta bi kada ta wuce rabin l, wato milimita ɗaya ko ƙasa. Kai ka sa milimita biyar, shi ya sa tsagar ke bin gefen ƙwayoyin tana zigizag. Ba sai ka matse ragar ko'ina ba, tsakiyar faifan kawai, in ba haka ba kwamfutarka za ta kwana tana nishi.

Na biyu shi ne baƙin launin lalacewa da ke taruwa a sama da ƙasa inda ƙarfe ke danna faifan. A gwajin Brazil, inda ake danna faifan dutse ta gefuna biyu har ya tsage don auna ƙarfin ja, tsaga daga tsakiya take tashi, inda ja ya fi yawa, σt = 2P/(πDt), P nauyin, D diyamitar faifan, t kaurinsa. In ka ɗora nauyin a ɗigo ɗaya, ƙarfin da ke taruwa a wurin ba shi da iyaka a lissafi, sai dutsen ya murƙushe a baki kafin tsakiya ta ji komai. Shimfiɗa nauyin a kan baka mai digiri 10 zuwa 15. Kuma ka raba makamashi yadda masani Miehe ya yi a 2010, ɓangaren ja kaɗai ya riƙa ciyar da tsaga, matsi ya bar ta. Tura matsawar farantin ƙarfen a hankali maimakon ƙarfin. Da zarar dutse ya fashe ƙarfi faɗuwa yake yi, lissafin ya rasa madafa. Kada ka manta da tarihin makamashi, H, mafi girman da wurin ya taɓa gani, don tsaga ba ta warkewa.

Af, Ango ya sayi mota. Ta kwana uku a gareji, yanzu kuma yana cewa laifin hanyar Zariya ne. Amarya ta ce a gaishe ka, ta kuma ce ka daina turo mata hotunan dusar ƙanƙara.

Na ga a ƙarshen saƙonka kana tunanin komawa PFC, manhajar da ke ɗaukar dutse a matsayin tarin ƙwayoyi manne da juna. Yi hankali. Da parallel bond, ɗaya daga hanyoyinta na manna ƙwayoyin, in ka daidaita ƙarfin matsi, ƙarfin ja zai fito da yawa. Rabon ƙarfin matsi da na ja zai tsaya wajen huɗu ko biyar alhali giranit na gaske ya kan haura goma. Wani salon mannawar, flat-joint, ya fi, amma daidaita ƙananan lambobinsa aikin makonni ne. Ni dai da ni ne, zan gyara wanda ke hannuna. Sai dai in ka zo kan tsaga mai karkata ƙarƙashin matsi, fikafikan, wato tsagogin ja da ke tashi daga bakinta, za su fito daidai, tsagar gogayya ta biyu kuwa sai ka ba GcII, makamashin tsagar gogayya, lambarsa daban, domin a dutse ya fi GcI na tsagar ja nesa ba kusa ba.

Turo min zanen nauyi da matsawa bayan ka gyara ragar, da diyamitar faifan, ko milimita 54 ne. Kuma kuɗin kilishin nan har yanzu ina jira.

Naka,
abokin zamanka na ɗaki