Amsa ga Malamin da ya ce ambulan ta rufe mana baki

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka jefo mini ta gidan rediyo, har da kiran sunana, ta iso ni. Ka ce me ya sa mu 'yan jarida muke yi wa kansiloli kaca-kaca, amma da magana ta hau kan manyan gwamnati ko malamai masu mabiya sai mu yi gum, ko ambulan ce, wato kuɗin toshiyar baki, ta rufe mana baki? Ƙorafinka kan kanun labarai da yawan talla bai dame ni ba. Maganar ambulan ce ta sosa mini rai.

Ban ce babu masu karɓa ba. Amma masu karanta ni sun san ban taɓa sayar da labari ba, kai ma ka sani. Kafin ka yi mana kuɗin goro, ka tuna garin da muke aiki. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a nan Kaduna, ya ɓace a zamanin Abacha. Daga baya hukuma ta ce shi ne ya mutu a fashewar bam ta otal ɗin Durbar a 1996, abokan aikinsa kuwa ba su yarda ba. A watan Agustan 2019 aka bi Dadiyata har gidansa a Barnawa cikin dare, aka tafi da shi, har yau shiru. Malamin jami'a ne mai sukar masu mulki a Twitter, amma duk mai riƙe da alƙalami ya ji a jikinsa. A Nuwamban 2021 aka kama Luka Binniyat saboda rahoto kan kashe-kashen Kudancin Kaduna, ya shafe kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsa da dokar laifukan intanet ta 2015. Sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora mana alhakin bin diddigin gwamnati, sashe na 24 na waccan doka kuma aka riƙa kai mu kurkuku da shi.

Duk da haka, ta gwamnati da sauƙi, domin akwai lauya, akwai beli. Malami ko fasto ba ya buƙatar turo ɗan sanda. Ya isa ya ce daga kan mumbari wane maƙiyin addini ne. Kafin la'asar lambarka ta zaga zaurukan WhatsApp, maƙwabcin da kuke sahu ɗaya ya daina amsa sallamarka. Ni kaina, bayan na yi tambaya kan kuɗin ginin wani wurin ibada, an kira ni da ɓoyayyar lamba, mai kiran bai zage ni ba, makarantar da 'yata ke zuwa kawai ya faɗa mini, ya kashe wayar. A wace kotu zan kai wannan ƙara? Kuma Kaduna ba ta manta da Nuwamban 2002 ba, lokacin da aka ƙone ofishin jaridar ThisDay saboda wani rubutu da ta buga kan gasar sarauniyar kyau ta duniya wanda ya taɓa addini, aka rasa rayuka sama da 200. Ba na kare abin da aka rubuta a lokacin, amma waɗanda suka mutu ba su suka rubuta shi ba. Edita yana tuna wannan kafin ya saki labarin da ya shafi addini.

Malam, ka yi haƙuri, ban yarda gaskiya ce ta dame ka ba. Malamin wancan ɓangaren kake so mu tona, gwamnatin da ba ta jam'iyyarku ba kake so mu caccaka. Ranar da muka taɓo naku, almajiranku ne suka fara yaɗa hotunanmu, ban ji ka tsawatar ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda jama'a ke zuga mu, su watse idan ta ɓaci. Wakilin da ke bin bashin albashi, ba lauya, ba inshora, shi ake so ya tunkari mai jiniya. Idan aka gurfanar da shi, daga matarsa sai 'yan ƙungiyarmu ta 'yan jarida, NUJ, a harabar kotu, ana ta neman mai takardar fili da zai tsaya masa.

Zan ci gaba da rubuta abin da nake da hujja a kansa, kan naku da na wasu. Kai kuma, ranar da aka sake kama ɗayanmu, ka zo kotu da takardar gidanka ka karɓi belinsa.

Wassalam.