Na'ura ta ga bulo da famfo, ba ta leƙa tukunya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa wata tambaya da ta ishi masu aikin jin daɗin jama'a a zangunan Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Sawaba: me ya sa sunan wance ya fito a tallafi, na wance bai fito ba, alhali duk unguwa an san ta biyun ce ta fi shiga wani hali? Amsar da aka saba sallamar mutane da ita ita ce kwamfuta ce ta zaɓa. Haka ne, amma kwamfuta ba ta taɓa shiga gidan kowa ba. Abin da aka zuba mata shi take niƙawa.

Ga yadda abin yake. Shirin LEAP, wanda gwamnatin Gana ta fara a 2008, yana biyan gidajen da ke cikin matsanancin talauci kuɗi duk wata biyu, in akwai tsoho mai shekara 65 ko fiye da ba shi da mai kula da shi, ko mai naƙasa mai tsanani, ko maraya, ko mai ciki da mai goyon jariri. Gida mai mutum ɗaya da ya cancanta ya daɗe yana karɓar sidi 64, mai huɗu ko fiye 106. An ninka a 2023, aka sake ninkawa a 2024 ya kai 256 da 424. Ba a tambayar mutum nawa yake samu a wata, domin mai sayar da koko ko mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetiya ba ta da takardar albashi. Sai a auna talauci ta alamomi. Mai rajista zai zo da ƙaramar kwamfutar hannu ya cike tambayoyi: da me aka gina bango, da me aka yi rufi, daɓen siminti ne ko ƙasa, ina ake samun ruwan sha, wane irin bayan gida, gawayi ake girki da shi ko gas, mutum nawa ne a gidan, ina mai gida ya tsaya a karatu, akwai firij ko talabijin ko babur. Kowace amsa tana da nauyinta, kuma nauyin an ciro shi ne daga babban binciken halin rayuwar gidaje da hukumar ƙididdiga ta ƙasa take yi lokaci zuwa lokaci. Na'ura ta tara maki, a ja layi: wanda ya faɗo ƙasa ya shiga, wanda ya haura ko da ɗigo ɗaya ya fita. Wannan jerin ƙa'idojin lissafi shi Turawa ke kira algoridim.

Ba mu zo kushe tsarin gaba ɗaya ba. Wanda ya san lokacin da ake rubuta sunaye da biro a gidan wani babba ya san yadda 'yan uwa da 'yan jam'iyya suke cika takarda kafin ta iso wurin mabuƙata. Na'ura ba ta da suruki. Matsalarta ita ce an koya mata karanta gida irin na mutum ɗaya da iyalinsa, mu kuwa a zango ba haka muke zaune ba.

A ɗauki gidan haya mai ɗaki goma sha huɗu a Aboabo. Bangon bulo, rufin kwano, daɓen siminti, famfo ɗaya a tsakar gida, mita ɗaya, bayan gida ɗaya. A ɗakin ƙurya akwai tsohuwa da mijinta ya rasu, mai gida ya bar mata ɗakin don Allah, tana riƙe da jikoki biyu, abincinsu na dare kwanon da maƙwabciya ke miƙo musu ne. A ɗakin bakin ƙofa akwai ɗan kasuwa mai shago biyu. In aka cike tambayoyin yadda suke a rubuce, kusan rabin amsoshinsu iri ɗaya ne: bulo, kwano, siminti, famfo, lantarki. A ƙauyen arewa bangon bulo yana nuna mai shi ya samu, shi ya sa lissafin ya ba shi nauyi. A Kumasi bangon na mai gida ne, ko na kakan da ya gina shi shekara hamsin da suka wuce. Talabijin ɗin da ke kan akwatin tsohuwar ya mutu tun tuni, an rufe shi da ƙyalle don kawai ɗaki ya yi kyan gani, amma in mai rajista bai tambaya ko yana aiki ba, ya shiga lissafi a matsayin dukiya.

Sai maganar wane ne "gida". A ƙa'idar masu ƙididdiga, gida shi ne waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya, ba waɗanda ƙofa ɗaya ta haɗa ba. Wannan wurin ne kuskure ya fi yawa. Mai mata biyu da suke karɓa-karɓar girki tukunyarsu ɗaya ce. Amma in kowace tana ci da kanta daga tallarta, mijin ya tsufa ko ya yi nisa, gida biyu ne, kuma in aka haɗa su, firij ɗin amarya zai hana uwargida shiga. Ɗan riƙo fa, da almajiran da ke kwana a zauren malam? Sau da yawa ba a ambatonsu, domin an tambayi mai gida "'ya'yanka nawa", ba a tambaye shi "baki nawa ke ci" ba. Yawan masu ci yana cikin abubuwan da suka fi jan maki ƙasa, don haka manta yaro biyu na iya fitar da gida. 'Yan mata masu ɗaukar kaya da ke kwana goma a shago ɗaya kuwa, a nan ana ganin su baƙi ne, a garinsu ana cewa sun tafi kudu, sai su faɗa tsakani.

Akwai kuma kunya, wadda babu na'urar da ta san da ita. Ka tambayi dattijuwa yadda take, ta ce alhamdulillahi, asiri a rufe. Baƙo ya shigo, ta aro kujera daga maƙwabta. Tambayoyin an rubuta su da Turanci, mai rajista yana juya su zuwa harshen Tuwi ko Hausa a tsaye, kowa da irin tasa fassarar. Maganin wannan ba shi da tsada: a zauna kafin a fita a daidaita fassarar kowace tambaya da Hausar zango, a rubuta, kowa ya riƙe iri ɗaya, a yi hirar a cikin ɗaki ba a tsakar gida gaban jama'a ba, a karanta wa mutum amsoshinsa kafin a danna aikawa. Minti biyar ne. Tun ran gini ran zane, domin gyara bayan an aika yakan ɗauki watanni.

Sunayenmu ma suna rikita na'ura. Mutum ɗaya ya zama Mohammed a Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, Mahama a katin inshorar lafiya, Muhammadu a rajistar tallafi. Hauwa ta zama Hawa ko Awa, Zainabu ta zama Zenabu, Sa'idu ya zama Seidu. Manhajar da ke tace maimaici tana kwatanta suna da ranar haihuwa da wuri. In ta tsananta, mutum ɗaya ya rabu biyu, a ce bayanansa ba su dace ba. In ta sassauta, mutum biyu su zama ɗaya. Tagwaye su suka fi shiga wannan tarkon: Hassana da Husaina, uwa ɗaya, rana ɗaya, gida ɗaya, sai manhaja ta ɗauka an rubuta yarinya ɗaya sau biyu. Tsofaffi da yawa kuma ba su da takardar haihuwa, an ƙiyasta musu shekara ne, aka sa 1 ga Janairu. Wanda aka rage wa shekara uku a kati, yana da 66 na'ura tana ganin 63, kuma ba ta jin rantsuwa. Shawararmu ga iyalai: rubutun da ke kan Ghana Card shi za a bi harafi da harafi a ko'ina, ko da ba haka ake kiran mutum a gida ba, in kuma katin ne ke da kuskure a fara gyara shi.

Ranar biya wata fitinar ce. Tun 2016 ana biyan LEAP da katin karɓar kuɗi na e-zwich, wanda sai an ɗora yatsa a na'ura. Hannun da ya shekara arba'in yana wanki da soda, ko jiƙa goro, ko dakan fufu, zanen yatsansa ya shafe. Da hunturu fata ta bushe, abin ya ƙaru. Dabarun da ke aiki: a goge gilashin na'urar, mutum ya shafa yatsa a goshi ko gefen hanci ya ɗan samu maiƙo, ya ɗora a hankali kada ya danne, a gwada sauran yatsu, musamman na hannun da ba ya aiki da shi sosai. In duk ya ƙi, kada a ce wa tsohuwa ta je ta dawo kawai. A rubuta ƙorafin a ranar, da lambar gida da dalili, a fara batun sake ɗaukar yatsu ko sa amintaccen mai karɓa a madadinta. Haka in mai karɓa wa marayu ta rasu: a sanar da ofis nan take, don kuɗin yana maƙale da yatsanta.

Ƙasashen da suka fi mu kayan aiki sun ƙone a wannan wuta. A Ostareliya, daga 2016 na'ura ta riƙa ɗaukar kuɗin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai a kan kowane mako biyu, sai ta ga kamar masu aikin wucin gadi sun ci tallafi alhali suna da aiki, aka yi ta aika musu takardun bashin da ba su ci ba, har gwamnati ta amince a 2020 za ta mayar da kuɗin. A Holand, hukumar haraji ta zargi dubban iyaye da zamba a tallafin renon yara, kuma samun shaidar zama ɗan ƙasa biyu yana cikin abin da ke ɗaga zargi. Gwamnati ta yi murabus a Janairun 2021. Mu da ake yawan tambayarmu asalin kakanninmu a wurin yin kati, wannan na biyun ya kamata ya tsaya mana a rai.

Ɗaya ɓangaren aikin shi ne ajiye bayanan mutane, kuma a nan laifin ya fi karkata gare mu ma'aikata. Akwai manhajar SWIMS da aka tanada don shari'o'in yara da iyali, kowane ma'aikaci da ƙofar shigarsa. Amma in intanet ya yi rauni ko wuta ta ɗauke, sai a koma WhatsApp: hoton yarinyar da aka ci zarafinta, sunanta, unguwarsu, a zauren da ke da mutum arba'in, kuma kowace waya tana sauke hoton da kanta cikin ma'ajiyar da yaran gida ke buɗewa don kallon bidiyo. A zango, inda kowa ya san kowa, hoto ɗaya ya isa ya bi yarinya har ranar aurenta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A yi amfani da lambar fayil maimakon suna, a kashe saukar hoto ta kai tsaye, kada mutum biyu su raba kalmar sirri ɗaya, kuma duk wanda aka canza wa wurin aiki ko ya gama shekarar bautar ƙasa a rufe ƙofarsa a ranar.

Sabon abin da ya shigo shi ne sa manhajoji irin su ChatGPT su rubuta rahoton binciken iyali da ake miƙa wa kotun iyali. Hatsarin biyu ne. Sunan yaro da sirrin gidansu sun fita zuwa rumbun wani kamfani a ƙetare, sannan manhajar tana cike gibi da abin da ya yi kama da gaskiya, ta sassauta abin da ya kamata ya tayar da hankali. A 2024 hukumar kare bayanai ta jihar Biktoriya a Ostareliya ta sa an hana ma'aikatan kare yara amfani da irin waɗannan manhajoji bayan an gano wani rahoto da aka rubuta haka aka kai kotu. Alƙali yana yanke wa zai riƙe yaro bisa wannan takarda. Wanda ya je gidan da ƙafarsa shi zai rubuta.

Doka tana tare da talaka a nan, sai dai bai sani ba. Dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta ba mutum ikon ganin abin da aka rubuta a kansa da neman a gyara kuskure, kuma in na'ura kaɗai ta yanke hukuncin da ya shafe shi sosai, yana iya neman a sake dubawa a rubuce cikin kwana 21 da sanar da shi. To amma wanda ba a gaya masa dalilin fitarsa ba, me zai ƙalubalanta? Don haka muke kira ga ma'aikatar kula da jinsi da yara da kare marasa galihu da ta sa a riƙa ba kowane gida 'yar takarda mai nuna amsoshin da aka rubuta masa. A gidan haya, a raba tambayar abin da mutum ya mallaka da abin da ya tarar a gidan. Gidajen da makinsu ya haura layi da kaɗan kuma, a sake ziyartar su, a ba ma'aikacin gunduma ikon rubuta hujja yana saɓa wa na'ura, wani na sama da shi ya duba ya sa hannu, don kada ƙofar ta zama ta son kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa muke so sarakunan zango da magajiyoyi da limamai su kasance cikin masu duba sunayen da suka fito, su nuna wanda aka tsallake, amma kada a mayar da alƙalamin zaɓe hannunsu.

Wanda yake ganin an tsallake shi ko an tsallake maƙwabciyarsa, ya je ofishin jin daɗin jama'a na majalisar gundumarsa, kamar ta Asokore Mampon ga mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba, da Ghana Card da katin inshorar lafiya na duk mutanen gidan. Ya nemi a rubuta ƙorafin a gabansa, a ba shi lamba ko kwafi, ya riƙe kwanan watan.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan jin daɗin jama'a,
Kumasi.